Goron Salaga a Birnin Ruwa

Ban yi zaton zan sake hawa jirgin sama ba bayan gwiwoyina sun fara yi mini gardama. Na yi fataucin shanu zuwa Kumasi, na yi shekaru a Abijan ina sayar da goro, na zauna a Sudan, na yi aikin hajji, na dawo Salaga na shimfiɗa buzuna a zaure na ce na gama. Abin da ya tashe ni shi ne auren Mutawakilu, ɗan ƙanena marigayi, wanda ni na rene shi.

Yana aiki a Italiya, a birnin nan da titunansa ruwa ne, wanda masu shi ke kira Benesiya. A can ya ga Rahinatu, 'yar wani Bamoshe mutumin Bawku mai suna Alhaji Isaka, wanda ya daɗe a ƙasar. Yarinya tana so, uwarta tana so, uba ya ce a'a. Rahinatu kuwa haifaffiyar can ce, ma'aikaciyar jinya, ta san dokar ƙasarsu. Ta ce za ta jira zuwa ƙarshen shekara. In ubanta bai karɓi goro ba, za su je ofishin hukuma a ɗaura musu irin na Turawa, in ya so ya sallama ta. Ni kuma na ce ba a gidanmu ba. Ba za a ce ɗanmu ya raba 'ya da ubanta ba, ba kuma za a ce an fita da goronmu an rasa mai karɓa ba.

Yendi da Bawku

Na zaɓi goron da hannuna, ƙwarya biyu, fari da ja, babu mai tabo ko ɗaya. Na jera shi cikin ganyen fita, na ɗaure ƙaramin huhu yadda na ga mahaifina yana yi. Mu zuriyar fataken Gwanja ne. Yau doya da hatsi muke sayarwa, amma har yanzu a gidanmu ba a aiken yaro sayen goron aure.

Al'ada ta ce a fara da tushe, don haka Bawku na nufa, wurin yayan Alhaji Isaka. Na bi ta Bimbila na sauka a Yendi, gidan wani tsohon abokin fataucina. Da ya ji inda maganar za ta iya kai ni, sai ya ce yana da ƙanwa a can, Mma Sanatu, tana dafa wa ma'aikata tuwo. Ya ƙulla mini daddawa a tsumma ya ce, "In ka je ka ba ta. In ba ka je ba ka cinye, na yafe maka a madadinta."

Daga Yendi na bi ta Nalerigu, mota ta gangara dutsen nan mai sa direba salati, muka shiga Bawku da warin albasa da ƙarar babura. Yayan Alhaji Isaka tsoho ne, idonsa ya yi rauni. Ya karɓe ni da mutunci, aka kawo ruwa, aka kawo fura. Amma da na tura huhun gabansa sai ya mai da hannuwansa baya. A wurinmu, wanda ya sa hannu ya ɗauki goron neman aure a gaban shaidu ya amsa ke nan, kuma tsohon ya san haka.

Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ƙanena ya bugo waya ya ce duk wanda ya taɓa goron Salaga, shi da shi sun rabu. Ya ce in da gaske kuke, ku kai masa da ƙafarku." Sannan ya sassauta murya. "Ya san ba za ka iya ba. Ina jin yadda kake nishi kafin ka zauna."

Na ja huhuna na ce, "In ya sake bugowa, gaya masa ina tafe."

Biza ta ja lokaci. Ban sake goron ba. Wanda aka ƙi a Bawku shi na ci gaba da juyawa, ina canza masa ganye, har ranar da na hau jirgi da shi a kan cinyata.

Tasha biyu

A filin jirgin da na sauka wani jami'in kwastan ya sa safar hannu ya kwance huhun. Na yi masa bayani da Faransanci, ya saurara da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce goron zai wuce, amma ɗanyen ganye ba ya shiga ƙasarsu. Ina tsaye ya zare ganyen fitar ɗaya bayan ɗaya ya zuba a kwandon shara, ya bar mini goro tsirara a kan tebur. Goro in ba shi da ganye iska ce ke shanye shi. Na warware rawanina, na jiƙa shi a famfon bayi, na matse, na naɗe goron a ciki. Haka na shiga Turai da hula kaɗai, rawanina a hammata.

Daga nan jirgin ƙasa ya kai ni Mestire, garin tudu da ke bakin ruwan, inda yawancin mutanenmu ke kwana. Mutawakilu bai tashi daga aiki ba tukuna. Ina tsaye ina rarraba ido sai ga wani dogo cikin kwat mai kyau.

"Papa, akwaaba!" Ya gaishe ni da yaren Tuwi, da na amsa sai ya juya Hausar zangon Kumasi. "Baba, wa kake jira?"

Na ce Mutawakilu.

"Ai shi ya aiko ni! Kawo akwati, mota yana waje. Kawo wannan ƙunshi ma, ka huta."

Na ba shi akwatin, na hana shi ƙunshin. Ya ce in jira shi ya matso da mota. Ni da na kwana a tashoshin Kano da Umdurman ba a taɓa raba ni da ko allura ba, amma ranar nan daɗin jin Hausa ya rufe mini ido. Babbar rigar da na ɗinka don ranar miƙa goro, da rigar sanyi, da maganin gwiwa, da daddawar mutane, duk suka bi shi.

Da Mutawakilu ya iso, cikin koren kayan aikinsa masu ƙyalli, ya ji abin da ya faru, sai ya durƙusa a tsakiyar tasha yana hawaye. Na ce ya tashi, ba ta'aziyya na zo ba.

Mma Sanatu ce ta sauke ni. Mace ce mai jiki da murya, 'yar Yendi sosai, shekarun Turai ba su rage mata komai ba. Ta gaishe ni da Dagombanci ina amsawa "Naa, naa," har na kai ga labarin akwati.

Ta ce, "Akwati ya tafi, to. Riga ta tafi, to. Amma daddawata, Alhaji? Allah ya sa ɓarawon nan ya kwance ta a cikin jirgin ƙasa, Turawa su jefa shi ta taga!"

Ta ɗauko mini kwat ɗin mijinta marigayi. Hannunsa ya fi nawa tsawo, sai da na naɗe. Ɗakunansu kuma da na'urar ɗumi, mai busar da maƙogwaro, balle goro. A ƙarƙashin matakala na samar masa wuri mai ɗan sanyi.

Birnin

Na ga ƙauyukan kan ruwa a wajen Kwatano da Legas, bukkoki bisa sanduna. Na ɗauka irinsu zan gani, sai dai da fenti. Da muka haye doguwar gadar da ta haɗa tudu da birnin, na fito daga tasha, sai na tsaya na ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Gidaje ne na farin dutse da jan bulo, hawa uku, hawa huɗu, sun fito daga cikin ruwa kai tsaye, ba gaɓa ba yashi. Tagoginsu masu tsinin kai irin waɗanda na gani a tsohuwar Alkahira. Hasken safiya yana bugun ruwa ya koma yana rawa a jikin bango da ƙarƙashin gadoji. Babu mota, babu babur, babu ko keke. Mai burodi a jirgi, likita a jirgi, ɗan sanda a jirgi, gawa ma a jirgi ake kai ta. Ba ka jin komai sai takun mutane, da ruwa yana lasar matakala, da ƙararrawar coci. A nan ne kewar gida ta fara kama ni, don kunnena yana ta jiran kiran salla bai samu ba.

Kyau dai akwai shi, amma wanda ya gina garin bai yi shawara da tsofaffi ba. Kowace gada matakala ce, ka hau ka sauka, ka ɗan taka lungu, ga wata. A kan waɗannan gadoji Mutawakilu ke aikinsa. Da sassafe yake bin gida-gida yana danna ƙararrawa, a miƙo masa shara ya zuba a kura, ya ja ta bisa matakala har bakin jirgin da ke kwashewa. Na tsaya na kalle shi yana yi, ban ji kunya ba ko kaɗan.

Shi ya nuna mini Alhaji Isaka daga nesa, sannan ya ɓuya. Gajere ne kakkaura, gemu ya yi furfura, yana tsaye a bayan jirgin kaya yana ba Turawa biyu umarni da harshensu. Fulawa da kayan miya yake kai wa kantuna, kuma kullum da safe a bakin wani ƙaramin dandali yake ɗaure jirginsa. Na yi masa sallama, na gaishe shi da Mosanci. Ya amsa sallamar, gaisuwar kuma ya mayar mini da Hausa, don kada in ɗauka mun zama ɗaya. Da ya ga ƙunshin rawani sai ya cusa hannuwansa biyu cikin aljihu.

"Ashe ka zo."

"Ka ce in zo."

"Na faɗa ne don kada ka zo. Alhaji, kai babba ne, ba zan ɓoye maka ba. Da silifas na bar Bawku. Na yi dako a garin nan har kafaɗata ta karkace, don 'yata ta zauna a inuwa. Yanzu in ɗauke ta in ba mai buga ƙofa yana cewa a fito da shara? Kuma ɗan Salaga? Na je Salagar nan. Me ke can? Doya da ramuka."

"Rijiyoyi ne."

"Ramuka ne. Garinku ya mutu tun ba a haifi ubanka ba, ku ne dai ba ku ji sanarwa ba."

Na ce, "To, ga ni, ga goro. Inda kake ɗaure jirgi nan zan riƙa zama."

Ya ce, "Dandalin ba nawa ba ne. Zauna har ka yi saiwa."

Bakin rijiya

A tsakiyar dandalin akwai rijiya, bakinta na farin dutse an sassaƙa masa furanni, an rufe ta da murfin ƙarfe. A matakalarta na kafa zama. Kusa da ita akwai famfo mai zuba dare da rana, a nan nake jiƙa rawani. Kullum da safe in kwance ƙunshin a gaban idon Isaka, in juya goron ɗaya-ɗaya, in fitar da wanda ya yanƙwane, in naɗe sauran. Shi kuma ya sauke kayansa kamar ba ya gani.

Masu yi wa baƙi jagora sukan tsaya daidai kaina su yi bayani da Faransanci ko Ingilishi, ni kuma ina shan karatu kyauta. A bakinsu na ji cewa masu gudun yaƙi ne suka fara shiga cikin laka suka kafa garin, suka kakkafa itatuwa cikin taɓo suka yi gini a kai. Da gishiri suka fara arziki, sannan jiragensu suka kai Masar da Istambul. Har masauki suka ware wa fataken Turkawa, da ɗakin ajiya a ƙasa, wurin kwana a sama. Na ce a raina, ai zango ke nan. A wani tsibiri nasu ake narka gilashi a yi duwatsun ado, kuma da na ga irinsu a taga na gane su, don kakata tana da su, a kasuwar Salaga aka saya mata. Sai wata rana jiragen duniya suka sami wata hanya, ciniki ya bi ta, aka bar su da gidaje. Mu ma haka aka yi mana. Goro daga kudu, shanu da kanwa daga arewa, duk a Salaga suke haɗuwa, har hanya ta kauce.

Ba na wanke garinmu. An sayar da mutane a Salaga, an yi musu wanka a waɗansu rijiyoyin kafin a kai su kasuwa. Mun san wurin, muna kai baƙo mu nuna masa. A nan ma an sayar, amma jagora ɗaya kaɗai na ji ya ambata, shi ma da sauri, kamar mai tsallake kwata.

Labarin rijiyar ne ya fi shiga raina. Gari a tsakiyar ruwa, amma ruwan na gishiri ne, ba ya shawuwa. Sai suka yi ta haƙa rijiyoyi a kowane dandali suna tara ruwan sama. Salaga ma haka take, ƙasa ce mai dutse da ƙishirwa, kakanninmu suka fafe dutsen gida-gida don fatake su sha.

Wata safiya Isaka ya zo wucewa da buhu a kafaɗa, na buga murfin da sandata.

"Alhaji, wannan rami ne ko rijiya?"

"Wannan tarihi ne. Daga ko'ina ake zuwa ɗaukar hotonsa."

"An toshe ta da ƙarfe, ko tsuntsu ba ya sha. Tamu a buɗe take, mata na ɗiba har gobe. Ka yi shekaru kana yi wa garin da hanya ta bari hidima, kana alfahari da shi. Namu ne kawai matacce, don ba mu da farin dutse?"

Ya wuce abinsa. Amma buhun da ya dire ya dire shi da ƙarfi.

A gidan da ke fuskantar rijiyar akwai wata tsohuwa, ta girme ni. Wata rana na ji abu ya taɓa kafaɗata, ashe kwando ne ta zuro da igiya daga tagarta, da matashi a ciki. Daga baya ta riƙa saukowa muna hira da guntun Faransancinta. Ta ce maƙwabtanta duk sun koma tudu, gidajen sun zama masaukin 'yan yawon buɗe ido. Ɗanta yana so ya ɗauke ta ya kai ta inda akwai mota da asibiti, ta ce masa gawarta ce za ta hau wannan jirgi. Na ji kamar a unguwarmu aka haife ta. Na ba ta goro ɗaya cikin waɗanda na fitar, ta gatsa, ta yamutsa fuska ta kira sunan uwar Annabi Isa, muka yi ta dariya.

Mma Sanatu ma ta gwada nata. Dagombawa suna ɗaukar Mosawa jikokinsu ne, akwai wasa tsakaninsu, kaka ta faɗi abin da ta ga dama, jika ba shi da ikon fushi. Ta zo da kular tuwo ta tsaya a bakin ruwa ta kama ƙugu.

"Kai, jikan banza! Kakarka ta zo, ko rusunawa babu?"

Dole ya rusuna a cikin jirgi. "Yaba, ina kwana."

"Ban kwana ba! Wa zai kwana jikansa ya mai da dattijo gunki a dandali? Mai shara ka raina? Kai da na san ka kana wanke kwanuka a bayan otal, kana zuwa wurina roƙon ƙanzo?"

"Yaba, a bar tone-tone."

"Ka ciro hannu daga aljihu in bari. Ko kunama ce a ciki take riƙe da kai?"

Turawansa ba su ji ko kalma ba, amma suka yi ta dariya. Shi ma ya yi, ta dole. Hannu dai bai fito ba.

Ƙunshi yana ta raguwa, ranar komawata tana matsowa. Rahinatu ta zo wurina bayan ta tashi aiki, ta kawo mini maganin gwiwa. Ta durƙusa har ƙasa kamar a gida aka rene ta, sai Hausar ce ta can.

"Baba, ka koma gida. Babana ba zai canza. Ni na san shi, kansa dutse."

Na ce, "In kin tafi ofis, ranar da kika haihu wa zai zo ya yi wa jaririn addu'a?"

Idonta ya cika. "Ni ina son babana, Baba. Amma ba zan zauna har in tsufa."

Na ce ta ba ni zuwa ranar da zan hau jirgi. Ta ce ta ba ni.

Ruwa

Wata safiya muna sauka tasha sai jiniya ta ɗauka a duk garin. Mutawakilu ya ce alama ce teku za ta hau, in koma gida. Na ce ya tafi aikinsa. Wani ɗan Bangladash mai sayar da takalman leda ya dubi ƙafata, ya miƙo mini guda biyu, na laluba aljihu ya girgiza kai ya ce, "Assalamu alaikum, Hajji."

A manyan hanyoyi an jera katako bisa ƙafafun ƙarfe mutane na bi. Ƙaramin dandalinmu ba a sa masa ba. Ruwan bai zo da hayaniya irin ta ambaliyar gida ba. Ta ramukan ƙasa ya riƙa ɓulɓulowa, shiru, har dandalin ya zama madubi, gidajen suka tsaya biyu-biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro haka ba. Na hau matakalar rijiya na tsaya. Ruwa ya shafe ta, ya kama idon sawuna, ya shiga ledar. Ruwan gishiri in ya taɓa goro ya gama da shi, don haka na ɗora ƙunshin a ka na dafe da hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Tsohuwa tana ta yi mini ihu daga taga.

Isaka kuwa ya riga ya shigo da jirginsa, ruwa ya ɗaga shi har ba zai iya wucewa ƙarƙashin gada ba, gaba ko baya. Ba shi da wurin zuwa, ba shi da abin kallo sai ni. Ya juya baya, ya gyara igiya, ya sake gyara ta. Can dai ya zuro dogayen takalmansa cikin ruwa ya tako.

"Alhaji, wannan ba jarumta ba ce, hauka ce. Shigo jirgi."

"Ba na iya hawa da hannu ɗaya. Gwiwa ba za ta yarda ba."

Ya kira ɗaya daga cikin Turawan, Baturen ya miƙo hannu zai karɓa.

Na ce, "Ba wurinsa aka aiko ni ba."

"To ajiye a kan murfin."

"Ban ɗauko shi daga Salaga don in ba rijiya ba. Ji nan, Isaka, ba zan yi maka wayo ba. In ka miƙo hannu ka karɓa ke nan, ga shaidu, ga Allah. In ba ka so, koma jirginka. An ce ruwan nan ba ya daɗewa. Na haye kogin Oti da shanu, ruwa har ƙirji."

"Lokacin kana da gwiwa."

"Har yanzu ina da wuya."

Ya tsaya yana kallon ruwa. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Ka san abin da ke ci na? Kullum ina ganin yaron nan yana jan kura a kan gada. Kaina nake gani. Ba na so ta auri irin wahalata."

"Uwarta ta auri irin wahalarka. Ka tambaye ta ko ta yi nadama?"

"Kada ka sa ta ciki. Ita ce ta hana ni sakat a gida."

Sanyi ya gama hawa ƙafafuna, na daina jin yatsuna. Ƙafar hagu ta fara rawa. Ban faɗi ba, amma ya gani, na kuma ga ya gani. 

Ya zaro hannuwansa daga aljihu, ya goge su a rigarsa. Ya ce, "Bismillahi," da ƙarfi, yadda kowa zai san ba kuskure ba ne, ya sauke ƙunshin daga kaina da hannu biyu. Turawan nan suka cicciɓe ni kamar buhun fulawa suka dire a jirgi, ɗaya ya lulluɓe ni da bargo. Tsohuwa tana tafi a taga, ba ta san me aka yi ba, ta dai ga an fitar da mahaukaci daga ruwa. Tarin da na kwasa a ranar ya bi ni har Salaga, bai sake ni ba sai da aka fara cin sabuwar doya, kuma ban yi da-na-sani ba.

Isaka ya zauna a kan akwatin tumatir ya kwance rawanin a cinyarsa. Abin da ya rage bai fi cikin tafi biyu ba, amma kowane ɗaya da ransa.

"Wannan ne ƙwarya biyun da aka ce mini?"

"Sauran taurin kanka ya cinye."

Ya zaɓi fari ya ɓare, ya ba ni ɓari ya jefa ɓari a baki. Ya tauna a hankali.

"Da ɗaci."

"Ya daɗe yana jiranka."

Muka zauna muna tauna, jirgi yana lilo, muna jiran teku ta ba mu hanya. Sai can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gaya wa yaron ya zo gida ranar Lahadi. Amma ya cire koren kayan nan."

Na ce, "Da su zai zo. Su ke ciyar da shi, su za su ciyar da 'yarka."

Ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana, haƙorana suna ta haɗuwa don sanyi.

Ya ce, "To, ya wanke su."